Gadar da Muka Gyara wa Baƙo

Shekarun da kuɗin man fetur suka fara yi wa gwamnati yawa, ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, bayan duwatsun Kagoro. Tsakaninmu da hanyar Kafanchan akwai rafi, a kansa kuma gadar itace wadda ruwa ke kwashewa duk Agusta. Matata na da ciki, ungozoma kuma ta ce lallai a asibiti za ta haihu, domin na fari ya zo mata da wuya. A Agusta haihuwar za ta faɗo. Abin da ya sa na rubuta takardar roƙon gada har sau uku ke nan, ba wai kishin jama'a ne ya dame ni ba.

Amsa ta zo cewa wani babban jami'i zai taso daga Kaduna a Afrilu ya gani da idonsa. Gada ɗaya za a gina, ƙauyuka biyu ke nema, mu da maƙwabtanmu na gangare.

Mu kuwa mutane ne masu kunyar baƙo. Ko mai tallan gishiri ne zai kwana, sai an share tsakar gida. Dattawa suka zauna bayan sujadar Lahadi suka yanke a yi gayya a gyara gadar. Na ce a bar gadar yadda take, ai ruɓewarta za a zo gani. Kawuna, dattijon ikilisiya, ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Malam, kana so babban mutum ya faɗi a ruwanmu? Wannan kunya, wa zai ɗauka?"

Kwana huɗu aka yi ana saro giginya, ana jera azara, ana daɓe jar ƙasa. Mata suka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Ni ma na ɗauki kwando, don kada a ce boko ya lalata ni.

Jami'in ya iso da tumbinsa, motarsa ta haye gadar sumul. Ya ci kaza da tuwon acca, ya kalli rawa, ya yaba mana. Bai tambayi kowa inda ruwa ke kaiwa da damina ba, ko ƙarƙashin gadar bai leƙa ba. Wai mutum ya zo duba rafi a Afrilu, lokacin da akuya ke ƙetare shi ba ta jiƙa kofato ba. Daga nan ya wuce gangare, inda ragwaye ko tsinke ba su ɗaga ba. Motarsa ta kafe a yashi, ya sha rana, takalminsa ya ɓaci. Su aka ba gadar siminti. A nan na gane yadda ake raba kuɗin gwamnati: inda takalmin babba ya ɓaci, nan ne masu bukata suke.

Tamu ta bi ruwa a farkon Agusta. Ranar da naƙuda ta zo wa matata, mun zauna a bakin rafi tun hantsi har la'asar muna jiran ruwa ya ja, sannan maza shida suka ƙetare da ita a kan ƙyauren ɗaki, ruwa har ƙirji. Mun isa Kafanchan da ita a raye. Ɗan kuwa, namiji, bai yi kuka ba.

Bayan wata guda wata takarda ta zo daga Kaduna, ana jinjina mana kan taimakon kai da kai, wai mun zama abin koyi. Fasto ya miƙo mini in karanta a majami'a, tunda ni ne mai Turanci. Na karanta, na fassara, aka yi ta tafi. Matata tana layin mata, hannuwanta a kan cinya, tana kallona har na kai ƙarshe.