Sabon Kansila da Sifikarsa Mai Gurnani

Laraba nas tana zaune a bencin Habibu mai gyaran rediyo a Gyaɗi-Gyaɗi, tana jiran a sallame ta, sai ga wani mutum ya shigo rungume da ƙatuwar sifikar kiɗa mai bes kamar jariri. Shaddarsa ta sha sitati har tana ƙara, agogon zinare yana reto a siririn hannunsa. Ba ta san shi ba, amma ta san irinsu, tun da soja suka koma bariki suke ta tsirowa.

"Gurnani take yi ko ba a sa kaset ba," in ji shi, ko sallama babu. "Gobe walimar rantsar da ni kansila. Kayan Dubai ne fa!"

Habibu ya ɗaga wayar sifikar, ya ga bakinta tsirara. "Alhaji, ina fuloginta?"

"Na yanke shi, ya ƙi shiga. Waya biyu na cusa da tsinken ashana a soket ɗin firji."

"Ta ukun fa, mai sauke wuta ƙasa?"

"Koriyar nan? Ai ado ce."

Habibu ya ɗaura sabon fulogi ya jona. Gurnanin ya ɗauke, tsit kake ji. Mutumin yana ta hararar sifikar, wai ta kunyata shi gaban talakawa.

Yana fita Laraba ta hango fuskarsa a fostar da ke jikin ƙofa, yana yi wa unguwa alkawarin gyara wutar lantarki. Nan take ta ƙudura sayen kananzir ɗin fitila galan guda kafin ta isa gida.