Dariyar da Fati Ta Riga Ni Samu

A gidanmu na unguwar Nima, da an idar da sallar magariba duk yaran gidan wurin kurfoti, murhun gawayin Kaka Laraba, muke taruwa. Koko da ƙosai take sayarwa, don haka hannunta na cikin ruwa tana murje wake, bakinta yana ba mu tatsuniya. Ni ce mai zama a damanta. Ni ke fifita wuta, ni ke amsa waƙa in labari ya zo wurin waƙa. Shekarata tara, kuma ban taɓa zaton akwai mai iya raba ni da wannan matsayi ba.

Sai Fati ta zo. 'Yar kawuna ce, daga unguwar Kokomlemle aka kawo ta ta zauna da mu lokacin da mahaifiyarta ta tafi Tamale haihuwa. Babanta ne ke karɓar tikiti a ƙofar wani gidan silima, saboda haka ta ga abin da mu sai dai mu ji a bakin samari.

Wata rana Kaka ta tashi ɗebo gawayi, Fati ta ce, "Ku matso in ba ku labarin wani sini da na kalla a silima."

Labarin wani tela ne da ya ga 'yar likita, ya rasa yadda zai yi mata magana. Sai ya naɗe ƙafarsa da tsumma, kullum yana ɗingishi zuwa asibitin ubanta. Rana ta uku ya manta, ya naɗe ɗaya ƙafar. Fati ta miƙe tana kwaikwayon ɗingishin, sannan ta juya ta zama yarinyar, tana danne dariya tana tambayarsa ko ciwon ne ya yi ƙaura.

Kaka ta dawo ta tarar da ita a haka. Ta yi dariya har gawayin ya zube, ta zauna tana share hawaye da bakin zane. Ban taɓa jin ta yi irin wannan dariyar ba. Ni da na daɗe ina yi mata hidima, iyakar abin da nake samu shi ne, "Madalla, Salamatu."

Daga ranar, kullum sai an ce Fati ta ci gaba. Ita kuma ja'ira kaɗan kaɗan take bayarwa, ta tsaya a daidai wurin da ya fi daɗi. Na ce labarin ba shi da ko darasi, ba wanda ya kula ni. Na ƙi fifita wuta, wani ya ɗauki maficin.

Ran Asabar a makarantar allo na matsa kusa da malam, na ce masa Fati tana zuwa silima, tana koya wa yara maganar soyayya. Ya tsayar da ita gaban kowa, ya yi mata bulala uku. Ba ta yi kuka ba. Kallona kawai ta yi.

Kwana huɗu Fati ba ta buɗe baki ba. Na koma wurina, amma ba wanda yake amsa waƙa tare da ni. A na biyar Kaka ta tsame hannunta daga cikin wake.

"Yau ba Gizo, ba kura," in ji ta. "An yi wata yarinya mai sayar da koko a tashar Tudu. Akwai wani direba da yake zuwa saye sau uku kowace safiya. Ta ce a ranta, wannan bawan Allah da son koko yake. Rannan ta bi shi da canjinsa, sai ta same shi bayan mota yana roƙon yaran tasha su taimaka su shanye. Ashe ko ƙanshin koko ba ya so."

Muka kwashe da dariya, har da Fati.

"Ya aure ta?" wani ya tambaya.

"Da bai aure ta ba, da ba a haifi uban wata mai kai ƙara wurin malam ba."

Kaka ba ta dube ni ba, amma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na daɗe ina wasa da maficin kafin na ce, "Fati, telan fa? Ya aure ta?"

"Ke ma kin sani," ta ce a daƙile. "Kowa ya sani tun farko."

"Daɗinsa ke nan," in ji Kaka. "Ba wanda zai mutu, sai ka yi dariyarka hankali kwance. Fati, ƙarasa mana."

Sai da na girma na gane abin da take nufi. Kaka ta binne wannan direban tun kafin a haife ni, ta binne 'ya'ya uku. Mace irin wannan tana da haƙƙin jin labarin da ta tabbata zai ƙare lafiya. Har yau in ina kallon irin waɗannan finafinai da 'ya'yana, kishin Fati yakan ɗan motsa mini, ba zan ɓoye ba. Shekara da shekaru Kaka tana ba mu labari, ni da nake ganin na fi kowa sonta ban taɓa tunanin ita ma tana so a ba ta ba.