Gashin da Yaya ta sa aka yi

Shekarun baya, muna zaune a Barnawa, maigidana ya yi fama da sankarar mafitsara, irin wadda ke kama maza idan girma ya fara zuwa. Aka yi masa gashi da na'ura, aka ce an ci ƙarfinta, muka yi sadaka muka ci gaba da rayuwa. Tun ranar farko ya kafa mini sharaɗi: "Maganar nan daga ni sai ke sai likita." Kunyar wurin da ciwon yake ce ta dame shi. Don haka dangi, har 'ya'yanmu, ciwon baya suka sani.

Bayan 'yan shekaru sakamakon gwajin jinin da ake bibiyar ciwon da shi ya fara hawa. Aka ɗauki hoto, likita ya ce sankarar ta dawo, amma a wuri ɗaya, ba ta bazu ba. Ya ce tiyata a inda aka taɓa gasawa tana da wuya. Akwai allurar da ke danne ciwon, sai dai ba ta kashe shi. Akwai kuma sake gashi, wanda a da ba a cika yi sau biyu ba, yanzu kuwa ana iya saita hasken a kan ɗigon kaɗai, ko a kai shi ta ciki. Bai ɓoye mana ba, zai iya taɓa fitsari da bayan gida. Ni dai ina sunkuye ina murza bakin hijabi, sai ka ce amarya.

Muna cikin keke a hanyar gida maigidana ya ce, "Ni ba tsire ba ne da za a yi ta mayar da ni wuta. Ba zan sake ba."

Na yi lallashi, na yi kuka, har yajin magana na gwada, ban kai la'asar ba na karya. Mace idan miji ya gagare ta, manyansa take kai wa ƙara. Ni wa zan kai wa, in ce me? Mahaifiyata na nan Unguwar Sanusi, amma in na je sai mu ƙare a hirar tsadar kayan miya. Maƙwabciyata, 'yar Filato, takan leƙo ta katanga ta ce, "Maman yara, kin rame fa." In ce azumin nafila ne.

Rannan yayarsa ta zo dubiya daga Unguwar Mu'azu da man zafinta a leda. Ina ajiye mata ruwa na ji bakina ya ce, "Yaya, likita ya ce a sake masa gashi, ya ƙi."

Ya ɗago ya dube ni.

"Gashi?" in ji Yaya. "Gashin ƙashin ne kake gudu? Haba Malam, da furfurarka! Ni da aka yi mini a gwiwa har gyangyaɗi nake don daɗi."

Ya ce, "Yaya, ai ba irin wannan..."

"To wane iri ne?"

Na ga faɗa mata ya fi masa na'urar wuya.

"In dai ni na goya ka, ka tashi ka je a yi maka."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya."

Ya kwana biyu ba ya kallon inda nake, amma ya je. A wani gari aka yi, don a can na'urar take. Ina zaune a barandar asibiti ni kaɗai, kowa da 'yan uwansa da kulolin abinci, ni sai carbi. Waya ta yi ƙara, a ce, "Ya bayan Malam?" In ce da sauƙi. Ya sha zafin fitsari na watanni, daga baya ya lafa, gwajin jinin ya sauka. Allah ya ara masa shekaru har ya aurar da autarmu, kuma ba wannan ciwon ne ajalinsa ba. Kafin ya rasu ya ce in faɗi labarin nan, ko wani zai daina ɓoyewa. Yaya ta riga shi tafiya, tana alfaharin ita ta gyara masa baya.

Ban taɓa ganin laifinsa ba, Allah ya ji ƙansa. Amma ku da ke jinyar wani, ku roƙe shi ya bar muku ko mutum ɗaya da za ku faɗa wa gaskiya. Abin da har yau ke taɓa zuciyata, duk waɗannan shekarun gida cike da masu addu'a, kowa na roƙa wa bayansa lafiya. Ainihin ciwon kuwa, ni kaɗai nake ambata wa Allah sunansa.