Hadarin da Dawuda Ya Ce Na Ƙarya Ne

Dawuda ya iso Makka a 1965, bayan shekara shida a hanya daga wani ƙauye na ƙasar Damagaram. Ya yi cirar auduga a Sudan, ya yi dako a bakin teku, ya sauka daga jirgi goye da matarsa Hure, don ƙafafunta sun mutu tun a hanya. Ni Yunus tela ne a Tandabawi, haifaffen unguwar, kuma ina cikin waɗanda suka fara yi masa dariya. Gara in faɗi wannan tun yanzu.

Sana'ar zaffa ya kama, wato garwa biyu rataye a sanda, yana kai wa gidaje ruwa. Amma abin tinƙahonsa sanin sama ne. A garinsu, in ji shi, ba mai zuba iri a ƙasa sai ya ji ta bakinsa. Mutum ne mai taurin kai, ga tsawon bayani, in ya fara maka zancen gajimare sai shayinka ya huce.

Mutanenmu a jikin dutse suke kafa sandaka, ɗakin nan na katako da fasassun garewani. Dawuda ya dubi hawan, ya dubi Hure, sai ya kafa tasa a ƙasa, cikin kwari, kan yashi mai laushi, inda zai iya fito da ita ta sha iska da yamma. Mahmudu mai tsire ya ce masa, "Ya ammi, baffana, nan fa hanyar sel ce, wato ambaliya, in ruwa ya gangaro nan yake bi."

"Ai na gani, manomi ne ni," in ji Dawuda. "Da damina zan riƙa ɗauke ta."

Haka kuwa ya yi. Da watannin da ake damina a garinsu suka kama, lokacin da zafin Makka yake gasa ƙafa ta cikin takalmi, kullum da safe sai ya goya Hure ya hau da ita dutse, gidan wata tsohuwa Aishatu, ya dawo da ita da magariba. Wata huɗu yana wannan, ko ɗigo bai sauka ba. Muka sa masa suna Malam Damina. Duk mun san ruwan garin nan da sanyi yake zuwa, wani lokaci a wutsiyarsa, amma ba wanda ya zaunar da shi ya fahimtar da shi. Wanda ya ɗan taɓa zancen ma, da Dawuda ya ce, "Ruwa da sanyi? A wace duniya?" sai ya bar zancen ya ƙyafta mana ido. Kallon yana mana daɗi, gaskiyar ke nan. Sanyi biyu suka wuce da yayyafi kawai, shi kuma ya ƙara yarda da kansa.

A na uku, sanyin ya fara saki. Mutane sun naɗe barguna, ƙudaje sun dawo kan tiren Mahmudu. Ran wata Laraba muka tashi iska ta juya, tana zuwa daga wajen Jidda, ɗumi-ɗumi, da danshin teku a cikinta, har shanyar jiya ta ƙi bushewa. Kan duwatsu ya yi baƙi ƙirin. Shagona a bakin kwarin yake, don haka tun hantsi na kira Mahmudu muka cicciɓi keken ɗinkina muka nufi sama da shi.

A hanya muka gamu da Dawuda, sandarsa a kafaɗa. Bakina ya ƙi zama.

"Malam Damina, yau me sama ta ce? Za a yi ruwa?"

Ya ajiye garewanin, ya ɗaga kai ya daɗe yana duba, da gaske yake yi. "Hadarin ƙarya ne, Malam Yunus. Haka yake yi in sanyi zai tafi. Da sauran wata uku kafin na gaskiya."

"Halas, shi ke nan, tunda ka faɗa," na ce. Mahmudu ya ƙunshe dariya har keken ya kusa suɓuce masa. Dawuda ya ga keken. Na ga ya gan shi. Ya tambaya ina za mu da shi, na ce gyara.

Kafin ya wuce ya koma ya murɗe ƙofar sandakarsa da waya, kamar yadda yake yi kullum, saboda awaki suna shiga su cinye abincin Hure tana kallo ba ta iya korarsu.

Bayan azahar aka kece da ruwa a kan duwatsu. Mu a unguwa ƙarar muka fara ji, sannan ruwan ya ɓullo, ja, ɗauke da itace da duwatsu. Muna tsaye a sama muna nuna wa juna kayan da ke wucewa. Sai da Aishatu ta kwarma ihu tana kiran sunan Hure muka tuna da mutum a ƙasa. Dawuda yana can cikin gari da garewaninsa.

Washegari aka same ta nesa da unguwa, a cikin abin da ya rage na sandakar. Wayar tana nan a murɗe.

Mako bai cika ba duwatsun suka yi tsanwa da ƙananan ciyayi, iska ta yi daɗi irin wadda ba mu cika samu ba, awaki suka yi ƙiba. Masu zuwa gaisuwa suna fita suna cewa ai an faɗa masa, taurin kai ne. Na fi kowa faɗa, don ina son in ji na yarda.

Ran sadakar bakwai na miƙa masa hannu, ya riƙe bai saki ba. Ba fushi a fuskarsa, da ma akwai da na fi samun sauƙi.

"Malam Yunus, an gyara keken?"

Na ce an gyara.