Sandar Baba da Ɗaurin Birgi

Shekarun baya, bayan ɓarin jikin mahaifina ya taɓu, yatsunsa na dama suka daina damƙe abu. Dama can makanta ta riga ta raba shi da sana'ar kamun kifi a kogi. Abin da ya rage masa shi ne zuwa masallacin unguwarmu a Bagudo da ƙafarsa, ga shi sanda ta fara suɓuce masa. In ta faɗi sai ya tsaya a rana har wani ya zo wucewa.

Na sha wahalar sandar nan. Na naɗa mata tsumma, ta zame. Na kai wa mai walda ya sa mata mariƙi, ta yi nauyi. Na hau babur har Illo neman mara nauyi irin ta Benin, na dawo da ciwon baya kawai. Daga ƙarshe na yanko robar tayar babur na ɗaure masa ita tam a hannu, ina ta jin kaina injiniya.

Bai fi mako ba ya daina fita. Raina ya ɓaci, don na gaji. Na ce, "Baba, mi kuma ya hwaru? Ba ta hwaɗuwa yanzu."

Ya ce, "Ba ta hwaɗuwa. Amma mutane na miƙo min hannu, ni ko babu hannun ba su. In ba mutum hagu? Wagga sanda ta kai ni masallaci, ta raba ni da jama'a."

Can ya ce, "Yi min ɗamrin birgi." Wato yadda masunci ke zarga igiyar tarunsa a wuyan hannu kafin ya jefa. Baduku ya ɗinka mana madaukin fata, sandar na kwanciya a tafinsa, in ya sake ta sai ta yi lilo. Haka ya koma gaisawa, tana bugun ƙwaurin mutane suna dariya.

Ni tafiyarsa kawai nake lissafawa, shi kuwa gaisuwar ce ke fitar da shi. Yanzu ya rasu, sandar na rataye a ɗakina. Kwanaki na gwada zura hannuna a madaukin, yatsu huɗu kawai suka shiga. Duk hidimar nan da na yi, ban lura Baba ya rame haka ba.