Kawu Mai Aski da Yaran Talata

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, aski yake yi. Shagonsa kujera biyu ne da madubi ɗaya mai tsaga a gefe. Duk ranar Talata a kulle yake, domin ranar ce Kawu ke ɗaukar jakarsa ya tafi gidan gyaran hali na yara.

Ya san gidan tun yana ɗan shekara goma sha bakwai. A lokacin ƙwaya yake sha, yana korawa da maganin tari. Wata rana Mama, wato yayarsa, ta tsinci kwalaben a ƙarƙashin katifarsa, ta tuttular da su a magudanar ruwa. Da ya dawo ya gani, sai ya ɗauki dutsen guga ya jefe ta. Idonta na hagu bai sake gani ba. Shekara biyu ya yi a tsare.

A can ya haɗu da mai ba da shawara, wata 'yar gajeriyar mata da kowa ke kira Anti. Wata uku tana zama da shi bai ce mata uffan ba. Ran nan ta tambaye shi, "Idan fushi zai zo, ina yake fara kama ka?" Ya ce, "Haƙorana." Ta ce, "To, da ka ji ka dantse su, tashi ka bar wurin. Sauran mu bi shi a hankali." Barin ƙwayar ya fi wuya. Sati biyu yana amai da rawar jiki, bayan fitowarsa ma ya koma shanta sau ɗaya. Mama kuwa ta yi shekara biyar ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ranar da ta amsa, a bakin ƙofa ya durƙusa yana kuka, abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Yaya."

A gidan ya koyi aski, kuma shekara ashirin da shida ke nan yana komawa. Yakan yi wa yaran aski a baranda, daga nan ya zauna da su a ɗakin da ake jera kujerun roba a zagaye, tare da ma'aikacin da ke kula da zaman. Ba ya musu wa'azi. Yakan ce, "Ni ba malami ba ne, tsohon ɗan gidan nan ne. Gadon da ke kusa da taga nawa ne. Har yanzu yana ƙara?" Su fashe da dariya, daga nan baki ya buɗe.

Bara aka kawo wani yaro da ake kira Dogo, wanda ya fasa wa abokinsa kai da kwalba. Kawu na cikin yi masa aski ya ce, "Ɗana, kwana nawa rabonka da sha?" Yaron ya miƙe, ya shure kujera, ya tofa masa yawu a fuska. Masu gadi suka taso. Kawu ya ɗaga musu hannu, ya ajiye injin askin, ya nufi famfo. Ya daɗe a can. Daga baya ya faɗa mini ji ya yi ya dantse haƙoransa, da furfurarsa da komai. Da ya dawo ya ce, "Zauna in ƙarasa maka. Rabin aski ba ya yi wa kowa kyau, ko da mai fushi ne." Dogo ya zauna. Bai ba da haƙuri ba, amma Talatar da ta biyo baya ya shiga zaman, ya ce shi tafin hannunsa ne ke fara zafi.

Ba kowa ke tsira ba. Wasu sun fita sun dawo, biyu kuma Kawu ya raka su makabarta. Dogo dai yana koyon walda yanzu, wata bakwai bai sha komai ba.

Ƙafafun Kawu sun fara kumbura, likita ya hana shi doguwar tsayuwa. Da na ce ya huta haka nan, sai ya ce, "'Yata, an kawo sababbi huɗu, ɗaya shekararsa sha uku." Washegari ya sa kafinta ya haɗa masa doguwar kujera. Yanzu a zaune yake yi musu askin.