Ba Mai Ne Ya Ƙone Ni Ba

"In an tambaye ki, ki ce mai ne ya fallatso miki wajen suya."

Tanti Rabi ke magana, ƙanwar babana, a kicin ɗinta na Vaulx-en-Velin, wani gari a Faransa mai nisa da Paris, ranar ƙunshin bikin ɗiyarta. Ta kama hannuna tana jujjuyawa kamar atamfar da ta gano aibinta bayan ta biya.

Na ce, "Tanti, duk matan falon nan sun san ko ƙwai ban iya soyawa ba."

Ba ta yi dariya ba.

Kun daɗe ba ku ji ni a shafin nan ba. Wasu sun ce karatu ne, wasu sun ce girman kai. To, ciwo na yi.

Na zo Paris daga Zinder karatun digiri na biyu, na kama ɗaki a unguwar Goutte d'Or, saman shagon buga waya. Barci ne ya fara gudu. Sai abinci ya fita raina. Sai wani nauyi ya zauna mini a ƙirji, kaina ya cika da hayaniya.

Daga nan na soma ji wa kaina ciwo. Ba zan faɗi yadda ba, ba darasi na zo bayarwa ba. Hayaniyar takan ɗan lafa, sannan ta dawo da kunya a bayanta.

Na koma sa riga mai dogon hannu har cikin zafin Yuli. Matanmu na kasuwa suka dinga yabo: "Kun ga ɗiyar kirki, boko bai lalata ta ba." Wata Hajiya har ta nuna mini hoton ɗanta. Ban taɓa samun shaidar kamun kai irin ta lokacin da na fi lalacewa ba.

Wani rauni ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ni, na kai kaina asibiti. Kujerar roba, dogon jira, ɗibar jini, allura. Wa'azi nake tsoro. Likitar ta wanke wurin, ta dube ni ta ce, "Kina tunanin kashe kanki?"

Na ce a'a. Can na ce, "Wani lokaci."

Ba ta zaro ido ba. Ta haɗa ni da cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta unguwa. Ganin likita a can kyauta ne, jiran layin ne mai tsada. Inshorar ɗalibai ta ɗauki magani. Na farko ya sa ni tashin zuciya, aka canza.

Ma'aikaciyar cibiyar da nake gani duk mako ta ce da ni, "Abin yakan taso, ya yi ƙarfi, ya sauka da kansa. Ki ba hannuwanki aiki har ya sauka." Ta kawo shawarar ruwan sanyi, da zane, da fita yawo.

Sai na tuna lallen da ake sayarwa a layinmu.

Duk macen da ta taɓa ƙunshi ta sani: hannu ya zama fursuna sai ya bushe. Ko hanci ba kya iya sosawa. In abin ya taso, sai in fara kiran Hadiza, ƙawata ƴar Maraɗi wadda bakinta ba ya hutu, in buɗe muryar waya, in zana hannu ɗaya, in damalmale ɗayan. Kafin ta gama zagin maigidan aikinta, lalle ya bushe, abin ya sauka.

Ba kullum ya yi aiki ba. Akwai ranar da na sake ji wa kaina ciwo, na faɗa wa likita, muka ci gaba. Duniya ba ta tashi ba.

A kicin ɗin nan Tanti ta rage murya. "Me muka rage ki da shi? Ki bar zuwa wurin likitan mahaukatan nan kafin labari ya kai gida. Randebun gobe, zuwa ganin likitan nan, ki soke shi, biki muke."

Na fita falo, na zauna gaban mai lalle, na naɗe hannun riga har gwiwar hannu.

Idanun matan duk suka dawo kan tabon hannuna.

Wata tsohuwa ƴar Cadi ta ce, "Ɗiyata, me ya same ki?"

"Ciwo na yi, Hajiya. Ina kan magani."

"Allah ya ƙara sauƙi."

Mai lalle ta dubi tabon ta ce, "In kewaye ko in bi ta kai?"

"Bi ta kai."

Na gode wa Allah. Na gode wa likitar da ta yi tambayar kai tsaye, da Hadiza da surutunta.

Ke da kike karanta wannan cikin dogon hannu: ki faɗa wa mutum ɗaya, wanda ba zai fara da wa'azi ba. Ki nisanta abin da kike amfani da shi. Ki nemo abin da zai riƙe miki hannu. Rauni in ya yi zurfi ko ya kumbura, asibiti, yau. In tunanin mutuwa ya zo, ki kira lambar gaggawa, kada ki zauna ke kaɗai. Ki yi sallarki, ki sha maganinki, ba sa faɗa da juna.

Ku kuma masu yabon sutura, ku riƙa tambayar mutum lafiyarsa, ku tsaya ku ji amsa.

Jirgin ƙasa na la'asar zan bi in koma Paris, lallen kuwa bai bushe ba. Na tsaya bakin ƙofa hannuwa sama, ban iya taɓa marfin ba. Tanti ta daɗe tana kallona. Ta zo ta rataya mini jakata, ta cusa ledar dubulan a ciki, ta buɗe.

"Randebun naki, kada ki makara," ta ce, idonta a ƙasa.

Ta rufe ƙofar. Na danna lif da gwiwar hannu.